Yadda ake wanke cikin bonet na tsohuwar Peugeot 504 a dawo da shi hayyacinsa

Mai sayen tsohuwar mota da ya san abin da yake yi ba ya daɗewa a kan fentin waje, bonet yake cewa a ɗaga masa. A nan ake ganin irin riƙon da mota ta samu a hannun masu ita: ko ana canza mata baƙin mai a kan kari, ko an taɓa barin ta ta yi zafi har ta tafasa, ko wani rewaya ya bi wayoyinta da reza da salatif. Peugeot 504 kuwa ta ga jiya ta ga yau. A 1968 aka fito da ita a Faransa, a 1975 kamfanin PAN (Peugeot Automobile Nigeria) ya fara harhaɗa ta a Kaduna, aka ci gaba har cikin shekarun 2000, bayan Faransa kanta ta daɗe da barin ƙera salun ɗin. Ta yi motar ofis, ta yi tasi, wagon ɗinta ta ci hanya tsakanin garuruwa, a-kori-kurarta ta yi dakon hatsi daga kasuwannin ƙauye. Waɗanda suka rage a hannun mutane yanzu sun cancanci a bi su a hankali.

Abin da nake so mai 504 ya riƙe tun farko shi ne, wankin inji bincike ne kafin ya zama kwalliya. Baƙin dattin da ya daskare a jikin inji shi ke nuna maka inda mai ke fita da inda ruwa ke tsiyaya. In ka kai ta wajen wankin mota aka sa mata injin feshi, an goge maka shaidar, an kuma cusa ruwa a wuraren da motar 1970 da wani abu ba ta da kariyar hana shi shiga. Wanda kuma ya ɗauki gwangwanin baƙin fenti ya fesa a kan komai, har tiyo da waya da tsatsa, ɓoye ciwon ya yi, kuma ciwon zai ci gaba da ci a ƙarƙashi.

Ka fara da ido, ruwa ya jira

Da injin a sanyaye, ɗaga bonet ka ɗauki hoto da wayarka ta kowane ɓangare: daga sama, daga gefen dama da hagu, kusa da kafireto, kusa da distributa, bayan batir, da duk inda waya ta shiga ko tiyo ya bi. Ka ɗauka fiye da yadda kake jin kana buƙata. Bayan sati biyu, idan ka riƙe wata 'yar siririyar waya kana tunanin inda ta fito, hotunan nan ne za su cece ka.

Sai ka karanta dattin. Tsohon mai da ya bushe ya haɗu da ƙura ba ya ƙyalli, wanda ke fita yanzu kuwa a jiƙe yake yana sheƙi. Ka bi jiƙaƙƙen zuwa sama, domin mai ƙasa yake gangarowa, iskar fanka kuma tana tura shi baya. Sau da yawa a ce gindin inji ne ke yoyo, alhali gasket ɗin murfin sama ne ya gaji. Farin layi ko jan layi mai kama da gishiri a bakin tiyo ko ƙarƙashin famfon ruwa, ruwan lagireto ne ya bushe a wurin. Tabo mai launin shayi a jikin kafireto, fetur ne. Fenti da ya yamutse ya tashi a ƙarƙashin kofin man birki, masta ce, wato famfon birkin da kofin ke zaune a kansa, ke zubarwa, don man birki yana cin fenti. Da dare ka shimfiɗa kwali mai tsabta a ƙarƙashin motar, da safe ka ga inda ya ɗiga da launinsa.

Buɗe murfin da ake zuba baƙin mai ka juya shi. In ka ga farin kumfa mai kauri a ciki, ko ka zaro ma'aunin mai ka ga ya yi fari-fari, ko ka buɗe lagireto ka ga mai yana yawo a saman ruwa, to tsaya nan. Alamar ruwa da mai sun haɗu ke nan, galibi maganar top gasket ce, wanda ke tsakanin kan inji da bulok, kuma sai an gama da ita kafin a yi zancen fenti.

Nemi 'yar farantin ƙarfen kamfani mai ɗauke da lambar shasi, da lambar da aka buga a jikin injin. Ka gwada su da takardun mota, ka ɗauki hotonsu, ka rufe su da tef. Kada samfefa ko fenti su hau kansu. Motar da lambarta ta goge tana jawo wa mai ita tambayoyi a hanya, kuma darajarta tana faɗuwa.

Wuri da kayan aiki

Ka sami inuwa mai iska, nesa da murhu, janareta da masu shan taba. Shimfiɗa tsohon tamfol, ka ɗora baho ko faffaɗan faranti a ƙarƙashin inji, ka tanadi yashi ko dusar katako ta tsotse abin da ya zube. Baƙin ruwan nan kada ya bi kwata, ballantana gidan da ke da rijiya. Sa dutse a tayoyi. In aikin zai kai ka ƙarƙashin mota, jak kaɗai ba abin dogaro ba ne, sai da tsayayyen ƙarfe ko katako mai kauri a ƙarƙashin shasi.

Kayan ba su da yawa: kananzir ko man dizal, omo ko sabulun wanke-wanke na ruwa, kanwa, burushin fenti mai tauri, tsohon burushin haƙori, burushin waya, guntun katako mai faɗin baki, tsummoki masu yawa, leda, robar ɗauri, tef ɗin takarda da maka, safar hannu ta roba, tabarau na kariya, da buta. Sifanu 8, 10, 11, 13 da 17 za su yi mafi yawan aikin.

Batir da abin da ruwa bai kamata ya taɓa ba

Cire kan negatif tukuna, sannan fositif. Dalili shi ne jikin mota duka negatif ne, don haka in ka fara da fositif sifana ta taɓa bodi, tartsatsi zai tashi a kan batirin da ke fitar da iska mai kama wuta. Fitar da batirin gaba ɗaya ka ajiye a gefe.

Mazaunin batir shi ne wurin da tsatsa ta fi ci a kusan kowace tsohuwar mota, saboda asid da ke tsiyaya shekara da shekaru. Jiƙa kanwa a ruwa, ka sa tabarau, ka zuba a hankali a kan farin garin da ya taru a wurin. Za ka ga yana kumfa yana tsuwa, kanwar ce ke kashe asid ɗin. Ci gaba da zubawa kana gogawa da burushi har kumfar ta daina, sannan ka ɗauraye da ruwa mai yawa, har ƙasan mazaunin da bangon da ke bayansa. Za ka iya goge kawunan batirin da ita ma, amma kada ko ɗigo ya shiga cikin ramukansa.

Cire tukunyar iya-kilina, ka cusa tsumma mai tsabta a bakin kafireto, ka rufe da leda ka ɗaure. Haka za ka naɗe distributa, kwail, altaneta, murfin kofin man birki, da duk wani akwatin fis ko rile da ke cikin bonet. Ma'aunin mai ya zauna daram a raminsa.

Akwai wuri ɗaya a 504 da ya fi ko'ina buƙatar kulawa. Filoginta suna can cikin dogayen ramuka da suka ratsa ta murfin sama, ba a fili suke kamar na wasu motoci ba. Ruwa in ya shiga ramin nan ba shi da mafita, sai ya kwanta a kan filogi. Mota ta tashi tana ciccijewa a kan silinda uku, ko ta ƙi tashi sam, kuma ranar da aka kwance filogin, ruwan da yashin su gangara cikin silinda. Ka zare wayoyin filogin bayan ka rubuta wa kowace lamba daga gaba zuwa baya, ka bar filogin a ɗaure, ka toshe bakin kowane rami da tsumma da leda.

Kankara kafin wanki

Wannan shi ne aikin da mutane ke tsallakewa, alhali shi ke rage wahala. Ƙurar hunturu in ta haɗu da baƙin mai na shekaru tana zama laka mai kaurin yatsa, musamman a gefen bulok, kan ƙarfen da ya ratsa ƙarƙashin inji, da wajen da inji ya haɗu da giya. Kananzir ba zai ratsa ta ba, shafa ta kawai zai yi ko'ina. Ka bi ta da guntun katako kana kankarowa tana faɗawa cikin baho. Kada ka yi da sukundireba a kan alminiyam, zai bar zane. Lungun da ke ƙarƙashin gilashin gaba, inda ganye da ƙasa ke taruwa, ka kwashe shi da hannu ka zura waya a ramukan da ruwan sama ke fita, don in suka toshe ruwan cikin mota yake komawa.

Sai wankin. Injin ya zama a sanyaye, ko da ɗan ɗumin da za ka iya ɗora tafin hannu ka bar shi. Ruwan sanyi a kan manifol mai zafi yana iya tsaga shi. Zuba kananzir a gwangwani, ka riƙa tsoma burushi kana shafawa daga sama zuwa ƙasa, ɓangare ɗaya a lokaci ɗaya. Ka bar shi minti goma ya jiƙa, ka sake bi, burushin haƙori kuma ya shiga tsakanin notuna da lunguna. Kananzir yana kumbura roba in ya daɗe a kanta, don haka tiyo da fambel da kushin inji a goge su nan take.

Na san a gareji da yawa da fetur ake wannan aikin don yana da saurin yanka mai. Kada ka yi. Tururinsa ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa yana tafiya, tartsatsi ɗaya daga nesa ya isa. Haka soda mai ƙona hannu, wadda ake haɗa sabulu da ita: tana yanka maiƙo sosai, amma tana cin alminiyam, kuma kan injin 504 alminiyam ne, kafireto da famfon ruwa ma ba za su jure ta ba.

Bayan kananzir sai ruwan omo mai ɗumi ya kwashe maiƙon da ya saura. Ɗauraya da buta nake so, don buta tana kai ruwa daidai inda ka nufa ba tare da ƙarfi ba. In tiyon famfo ne, a bar ruwan yana zuba da kansa, kada a matse baki. Omo ma kada ya bushe a kan alminiyam, yana barin farin tabo. Wurin da bai fita ba, a maimaita. Sau uku a hankali ya fi sau ɗaya da ƙarfi.

Busarwa da gano yoyo

Goge abin da tsumma zai kai. In akwai mai faci kusa, a ja tiyon iskarsa a hure lunguna, bakin wayoyi da ramukan filogi. Cire ledoji da tsumman bakin kafireto. Ka ƙirga su yadda ka sa su, kada ɗaya ya saura. Buɗe hular distributa ka goge cikinta da busasshen tsumma. Mayar da wayoyi, iya-kilina da batir, ka tayar da mota ta yi minti goma sha biyar ko ashirin a silo, zafin inji ya kori sauran danshi.

Yanzu ne wankin zai biya ka. Barbaɗa farar hoda a wuraren da kake zargi: gefen murfin sama, gindin matatar mai, bakin famfon fetur, bayan fulin gaba, layin da kwanon mai ya haɗu da bulok. Yi 'yar tafiya ka dawo ka duba da tocila. Inda mai ke fita zai zana baƙin layi a cikin hodar tun daga tushensa. Rubuta su duka. Waɗannan za a gyara kafin fenti, don fenti ba ya zama a kan wurin da mai ke bi.

A sauke inji ko a bar shi?

In injin yana hayaƙi yana shan mai, ko tsatsa ta ci ƙafafun shasi inda hannu ba ya kaiwa, a sauke shi a yi aiki ɗaya. In lafiyarsa ƙalau, ra'ayina a bar shi a mazauninsa a kwashe abin da ke kewaye: lagireto, fanka, altaneta, iya-kilina, kafireto, kwail, mazaunin batir, hon, robar ruwan waifa. Wannan ya isa ka kai hannu kusan ko'ina.

Kada kuma a cire kan inji don kawai a wanke shi. Silindojin 504 hannun riga ne da ake zurawa cikin bulok, ruwa na kewaye da su, kan injin ne ke danne su a kan 'yan siraran sil da ke gindinsu. In aka ɗaga kan kai tsaye, ko aka juya inji alhali ba a danne su ba, suna motsawa, sil ɗin ya saki, daga nan ruwa ya fara sauka cikin mai. Aikin bakaniken da ya san Peugeot ne, kuma har yanzu akwai dattawan da suka tashi a kanta.

Wajen kwancewa, kowace waya da tiyo a naɗa musu tef a rubuta suna. Notunan kowane abu su shiga gwangwaninsu daban, a rubuta a jiki. Motocin Faransa na wancan zamani suna da kusoshi masu kaurin milimita 7, waɗanda sifana 11 ke kamawa, kuma ba kowane mai sayar da noti ke da su ba, don haka kada ka yar da ko ɗaya. Distributa kuwa a bar ta a wurinta in ba dole. In dole ne, a yi alama a gindinta da jikin inji.

Notin da ya ƙi, a fesa masa man sassauta tsatsa a bar shi ya kwana. Da safe a ɗan ƙwanƙwasa kansa, a ɗan ƙara ɗaure shi kaɗan, sannan a kwance, ana yi ana komawa. Na manifol sun fi kowanne taurin kai, kuma in ɗaya ya karye a cikin alminiyam aikin ya zama na mai injin huji. Ruwan lagireto a tare shi a bokiti. In akwai kulan a ciki, wato ruwan sanyaya inji na kanti, guba ne mai zaƙi, a nisanta shi da yara da awaki da kaji.

Tsatsa

Motar da ta yi rayuwarta a Kano, Katsina ko Damagaram takan zo da sauƙin tsatsa saboda bushewar iska. Wadda ta zauna Legas ko Fatakwal kuwa sai an duba ta da kyau. Wuraren dubawa: mazaunin batir da abin da ke ƙarƙashinsa, ƙasan masta, ƙarfen da lagireto ke zaune a kai, lungun gilashin gaba, ƙafafun shasi, da kewayen inda kan shok ɗin gaba ya ɗaure. Danna bakin sukundireba a duk inda fenti ya kumbura. Ƙarfe mai rai zai tsaya, ruɓaɓɓe zai burma.

Tsatsar sama a bi ta da burushin waya, sai samfefa mai lamba 80, sai 180, a ƙare da 320, har ƙarfe ya yi fari, gefen tsohon fentin kuma ya kwanta yadda yatsa ba zai ji gaɓa ba. 'Yan ramukan da samfefa ba ta shiga, a shafa musu maganin kashe tsatsa, irin mai asid ɗin fosforik, wanda ke mayar da jar tsatsa baƙa. A bi umarnin da ke jikin kwalbar wajen lokaci da gogewa.

Inda ya huje, sai walda. A yanke ruɓaɓɓen har a kai ƙarfe mai kyau, a sa sabon falle mai kauri ɗaya da na asali. Bodi-fila ba ya ɗaukar nauyi, kuma yana shan danshi ta baya. A kewayen kan shok musamman, nauyin gaban mota ne ke rataye a wurin, cika shi da fila wasa da rai ne. Kafin mai walda ya kunna wuta, a cire tiyon fetur a toshe, a janye wayoyi, a duba ta cikin mota ko akwai kafet ko soso a bayan ƙarfen, mutum ɗaya kuma ya tsaya da abin kashe gobara.

Tsofaffin gasket da allunan kare zafi na wancan zamani da yawa akwai asbestos a cikinsu, ƙurarsa kuma tana lalata huhu. A jiƙa su kafin a kankare, kada a sa musu injin gurza ko iska.

Fenti

Daga kamfani, bangon cikin bonet launin jikin motar yake, kuma a ganina shi ya fi dacewa a mayar. Launi mai haske yana nuna ɗigon mai tun ranar farko, baƙi kuwa ɓoye shi yake yi. Mai haɗa fenti zai iya ɗaukar launin daga wurin da rana ba ta taɓa ba, kamar cikin but.

Rufe inji, gilashi da fuka-fukan gaba da jarida da tef. Wayoyi da bututun birki da ba a cire ba, takardar foyil ta girki tana naɗe su tsaf ba sai an ɗaure ba. Wuraren da wayar at, wato ta negatif, ke ɗaurewa a bodi a manna musu tef, don wuta ba ta bi ta kan fenti. Motoci da yawa sun fito daga fenti da fitila mai lumshewa saboda wannan kaɗai. Goge duk inda za a fesa da tsumma mai tina, ka canza tsumman har ya daina baƙi. Daga nan kada hannu ya sake taɓa wurin.

Firama, wato fentin shimfiɗa, shafi biyu marasa kauri, irin ta efoksi in an samu, don ta fi riƙe tsiraran ƙarfe. In ta bushe a shafa mata samfefa 400 sama-sama, a cike layukan haɗin ƙarfe da sila mai toshe kafa, sannan launi shafi uku, minti goma zuwa goma sha biyar a tsakani, hannu na nesa da ƙarfe kamar santimita 20 zuwa 25. Fara da lunguna masu wuya, filin ya zo ƙarshe. Shafin farko zai yi kamar bai rufe ba, haka ake so. Mai neman rufewa a tashi ɗaya shi fentinsa ke zuba.

Lokaci yana da tasiri. Ranar da hazo ya sauko ƙura za ta zauna a kan ɗanyen fenti, ranar hadari kuma danshi yana dusashe shi. Safiya mai tsit ta fi, a yayyafa ruwa a ƙasa ƙura ta kwanta. Fentin da ake haɗawa da hadina, wato sinadarin sa shi tauri, yana da tururi mai illa ga huhu, ƙyallen rufe hanci ba ya tare shi; in shi za a yi, a bar wa mai fenti da ke da abin numfashi na gaske. A ba fentin kwanaki ya yi tauri kafin a fara ɗaura kaya.

Bulok da murfin sama fentin inji mai jure zafi suke so. Manifol na salansa sai wanda aka rubuta yana jure digiri 600, kuma zai yi hayaƙi a tashin farko. Alminiyam ba a fenta shi, burushi mai laushi da kananzir sun ishe shi. Fentin azurfa da ake fesa wa kafireto yana toshe ƙananan ramukan iskarsa ne kawai.

Kayan da za su koma

Lagireton 504 na asali tagulla ne, yana gyaruwa. Mai gyaran lagireto zai buɗe shi ya zuzzura bututun ya mayar da dalma. Fenti a kansa shafi ɗaya siriri, kauri yana riƙe zafi. Tiyon da ya yi tauri, ya tsattsage ko ya yi laushi ya kumbura, a canza shi da kilif ɗinsa. In an cire tamostat, kamar yadda aka saba yi a nan da sunan maganin zafi, a mayar: injin da ke daɗewa bai ɗumama ba yana shan fetur yana cin kansa, zafin kuma toshewar lagireto ko fanka ne ke kawo shi. Ruwa zalla, musamman na rijiya, shi ke cin kan alminiyam yana tara gishiri, don haka a haɗa kulan da ruwa mai tsabta.

Tiyon fetur kuwa ko ya yi kyau a ido a canza shi duka, da wanda aka yi don fetur, a sa sabuwar matata. Kama 'yar bututun tagullar da fetur ke shiga kafireto ta cikinta ka girgiza. Matse ta aka yi a jiki, da tsufa takan saki, kuma in ta fita fetur zai zuba a kan inji mai zafi. In tana motsi a gyara kafin mota ta tashi. Iya-kilina in irin mai wankan mai ce, a zubar da tsohon, a wanke ragar da kananzir, a bar ta ta tsane, a zuba sabon baƙin mai daidai layin.

Wayoyi a warware tsohon salatif a ga abin da ke ciki. Duk inda aka murɗa waya biyu da hannu, a yanke a haɗa da dalma ko kan waya na matsewa. Fis ɗin da aka naɗe da zaren waya a jefar, a sa mai lambar da ta dace. Inda waya ke ratsa bango a tabbata zoben roba na nan. Wayar at daga batir zuwa bodi da daga inji zuwa bodi a goge bakinsu su yi fari, a ɗaure, a shafa giris a kai. In za ka Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna neman kaya, tafi da tsohon a hannu, don 504 ta yi shekaru da yawa ana ƙera ta kuma kayan wata shekara ba lallai su hau na wata ba.

Haɗawa da tashin farko

Bi hotunanka daga ƙarshe zuwa farko. Tun da murfin sama zai sami sabon gasket, a duba tazarar bawul da inji a sanyaye: milimita 0.10 na shiga, 0.25 na fita. Tazarar kwantak na cikin distributa milimita 0.4, ta bakin filogi 0.6, tsarin wuta 1-3-4-2. Murfin a ɗaure shi da sauƙi, matsewa da ƙarfi ke lanƙwasa shi ya dawo da yoyon. Fambel ya lotsa kamar santimita ɗaya in ka danna tsakiyarsa da babban yatsa. In an taɓa masta, a fitar da iska daga birki a gwada feda kafin mota ta motsa, man da ya ɗiga a sabon fenti kuma a wanke shi da ruwa nan take. Canza baƙin mai da matatarsa. Batir ya sami abin danne shi, fositif ya fara hawa, negatif ya biyo.

A tayar da ita a fili, bonet a ɗage, abin kashe gobara a hannu. Mutum ɗaya a sitiyari yana kallon fitilar mai, ɗaya yana kallon tiyon fetur da kafireto. In fitilar ba ta mutu cikin 'yan daƙiƙu ba, ko aka ji warin fetur, a kashe. In komai lafiya, a bar ta ta ɗumama har tiyon sama ya yi zafi, alamar tamostat ya buɗe. A kashe, a jira ta huce sosai, sannan a buɗe lagireto a cika abin da ya ragu. Bayan sati ɗaya ana hawa, a sake bin kilif-kilif da notunan manifol da sifana, don sabuwar roba da sabon gasket suna zama, a kuma sake shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta da dare a gwada da na farko.